Famfon da Ke Cizo

Kwana huɗu kafin abin ya faru, da bakinta ta gaya masa. Ba wanda ya ɓoye masa komai. Da wani ne aka gaya wa, wanda bai san kan wuta ba, da sai a ce rashin sani ne ya ja. Amma shi shekara ashirin da shida ke nan yana ciyar da iyalinsa da aikin lantarki.

Ranar Litinin ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Yana tsugune a bayan wani inji a masaƙar buhunan da yake aiki, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihun wando. Ya goge hannu a cinya ya ɗauka. 'Yarsa ce.

"Baba, ina kwana? Kana aiki?"

"Lafiya, Uwata? Me ya faru?"

"Ka ji ka. Mutum ba zai kira ka ba sai wani abu ya faru?" Ta yi dariya. "Ba komai fa. Famfon banɗakinmu ne ya fara cizo."

"Cizo kamar yaya?"

"In na taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu sai in ji kamar tururuwa ta cije ni. Ba kullum ba. Jiya ya yi, yau bai yi ba."

"Kada ki sake taɓa shi. Ina nan zuwa in na tashi."

"To da me zan buɗe ruwan, Injiniya? Da haƙori?"

Injiniya shi ne sunan da ake kiransa da shi a masaƙa, ko da yake takardarsa ba ta wuce ta firamare da shekara biyu a makarantar koyon sana'a ba. Da zolaya aka fara, har sunan ya zauna, har ya bi shi gida. Abin da aka san shi da shi a wurin aiki abu ɗaya ne. Duk injin da zai sa hannu a cikinsa, ko wanda ya ga ba shi da lafiya, ba ya wadatuwa da kashe makunni. Sai ya je akwatin wuta ya zare fis ɗin injin, ya jefa a aljihun gaba na rigar aikinsa, ya maɓalle. Injin da ba fis a layinsa, ko wa ya danna makunninsa ba zai tashi ba. Abokan aiki sukan ce in ana neman fis a masaƙar kada a je sito, a zazzage Injiniya.

A wurin maigidansa na farko ya koyi haka, wani dattijo mai yatsu uku a hannun dama. Dattijon ya taɓa kashe inji, ya gaya wa kowa kada a kunna, ya zura hannu. Wani da bai ji maganar ba ya shigo daga waje, ya ga inji a kashe, ya kunna. Tun daga ranar dattijon bai sake roƙon kowa kada ya kunna ba. Cire abin kunnawar yake yi ya tafi da shi.

A gida kuwa Injiniya mutum ne mai yawan gargaɗi. Kada a taɓa soket da ruwa a hannu. Kada a kwana da waya a caji ƙarƙashin matashi. A duba tukunyar gas. Kada a zauna kusa da ƙofa a motar haya. A kira shi in an isa. 'Ya'yansa uku sun tashi a cikin wannan, kuma ta tsakiyarsu, wadda ita kaɗai ce mace, ita ta fi iya kwaikwayon muryarsa. Tun tana 'yar shekara biyar take riƙe ƙugu tana yi masa faɗa irin na mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata. Duk gargaɗin da ya yi, amsarta ɗaya ce, "To, Baba," da wata irin murya mai ja, wadda take nufin na ji, kuma ina son ka, kuma ka cika damuwa.

Shekara biyu ke nan da aurenta. Tana aiki a wani kantin magani. Mijinta direban motar kai kaya ne, yakan yi kwana uku ko huɗu a hanya. Ɗaki biyu suke haya a ƙasan wani tsohon bene, ta baya. Kafin su tare, Injiniya ya duba wayoyin gidan ya ga duk sun tsufa, robarsu tana marmashewa a hannu. Ya kwashe Asabar uku yana zare su yana zura sababbi, shi kaɗai, bai yarda wani ya taya shi ba. Ya ja wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, zuwa kowane soket da kuma hitar ruwan zafi da ke maƙale a bangon banɗaki. Ƙarshenta ya fitar da shi waje, ya ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe a jikin bututun ruwa, daidai inda bututun ya fito daga ƙasa ya shiga bango. Haka aka koya masa. Bututun ƙarfe ne, ya yi tafiya mai nisa a cikin ƙasa mai laima. In wuta ta ɓalle daga hanyarta ta taɓa jikin hita, za ta bi wayar nan da gudu ta shige ƙasa, ƙarfin gudun ya ƙona fis, komai ya mutu kafin wani ya taɓa.

Da la'asar ya iso, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta buɗe masa ƙofa da rigar kantinsu a jikinta, ba ta daɗe da dawowa ba.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Ga mara lafiyar can a banɗaki. Bari in ɗora maka shayi."

"Mijinki fa?"

"Yana hanya tun jiya. Sai Alhamis."

Ya fito da testa, 'yar sukudireban nan mai ƙwai a cikin mariƙinta, wadda ke kawo haske in ta taɓa wuta. Ya ɗora a kan famfo. Ba haske. Ya ɗora a bututun shawa, ya ɗora a jikin hita. Ba komai. Ya cire takalmi ya tsaya a kan siminti, ya taɓa famfon da bayan yatsa. Sanyin ƙarfe kawai ya ji.

"Ka gani?" in ji ta daga bakin ƙofa. "Ya ga likita ya warke. Haka masu zuwa kantinmu suke yi."

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dubi hitar. 'Yar jar fitilar da ke jikinta a kashe take: ruwan ya riga ya yi zafi, ta kashe kanta. Ya san in yana son ya ga gaskiyarta sai ya zubar da ruwan zafin nan duka, ta sake kamawa, sannan ya gwada. Ya buɗe famfon, ruwan ya zo siriri kamar zare, don a irin wannan lokaci na saman bene sun shanye ƙarfin ruwan. Zai ɗauki awa guda. Ya rufe.

Ya zagaya waje ya tsuguna wurin maɗaurin. Yana nan yadda ya bar shi, ba tsatsa, ba sassauci. Ya ja wayar da yatsa biyu, ba ta motsa ba. Wani abu ya kwanta masa a rai. Aikin hannunsa ne, kuma yana nan daram. Ko da hitar tana da matsala, hanyar ƙasa a buɗe take.

Duk da haka famfo ba ya cizo a banza. Ya dawo ciki ya sha shayin a tsaye.

"Hitar nan nake zargi," ya ce. "Ranar Asabar zan zo da babbar mitar masaƙa in auna komai. Zan zo da sandar jan ƙarfe in kafa muku a ƙasa, da wata na'ura da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo. Tun farko ya kamata in sa ta."

Ya nufi akwatin wuta da ke bayan ƙofar falo, ya buɗe. Fis biyar ne a jere, kowanne da rubutun hannunsa a ƙasa. Ya kama na huɗu, wanda aka rubuta wa HITA.

"Baba, me za ka yi?"

"Zan tafi da shi. Asabar in dawo da shi."

"Haba, Baba. Kwana biyar?" Ta matso ta riƙe hannun rigarsa. "Ƙarfe bakwai nake buɗe kanti. Ka san ruwan sanyi da ƙirjina. In na ce sai na dafa ruwa a tukunya kullum, sai dai su nemi wata."

"Tukunya minti nawa ce?"

"Kai da kanka ka gwada ba ka ga komai ba. Ka duba wayarka ta waje, ka ce lafiya lau. Ko aikin Injiniya ne ba a yarda da shi ba?"

Fis ɗin ya riga ya fito rabi. Ya dube ta. Gaskiya ne, tun tana ƙarama sanyi ke kama mata ƙirji. Ya tuna shekarun da ya yi yana tafasa ruwa yana riƙe ta a kan tururi. Ya ga inuwar gajiya a ƙarƙashin idonta. Ya danna fis ɗin ya koma wurinsa.

"To ki ji ni da kyau. Ki kunna ta ta yi zafi. Kafin ki shiga, ki kashe makunnin nan na bakin ƙofar banɗaki. Ki kashe, ki ga fitilar ta mutu, sannan ki taɓa ruwa. Kin ji?"

"To, Baba."

"Ba wannan 'to' ɗin ba."

Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a kotu. "Na ji. Zan kashe. Kuma ba zan zauna kusa da ƙofar mota ba."

Ya fita yana girgiza kai. Ta raka shi har bakin titi, ta cusa masa ƙwayar maganin ciwon baya a aljihu, ta ce ya gaishe da Mama.

Talata ya kira ta, ta ce ta kashe. Laraba ma haka. Alhamis ya roƙi shugaban sashensu aron mitar, aka ce ya ɗauka Juma'a in an tashi.

Juma'a da safe, bai ma gama sa rigar aiki ba, wayar ta yi ƙara. Lambar surukinsa ce. Muryar da ya ji kamar ba tasa ba.

"Baba, ka zo babban asibiti. Ka taho da Mama."

Bai tambayi me ya faru ba. Ya sani.

A barandar asibiti ya tarar da surukin nasa, Direba, a zaune a ƙasa, rigarsa a jiƙe, ba takalmi. Kusa da shi wata mata ce maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta iya magana. Ta ce Direba ya ji wani sauti daga banɗaki, ba ihu ba, kamar an shaƙe mutum. Ya ɓalle ƙofa ya same ta hannunta a manne da famfon shawa. Ya kama ta, wutar ta wurgar da shi. Kafin ya tashi, ya tuna da akwatin wuta, ya kashe babban makunni, lokaci ya tafi. Ita maƙwabciyar da ta shigo ba ta ji bugun zuciya ba. Ta yi ta danna mata ƙirji a ƙasan banɗakin, ta ci gaba a cikin mota, har suka iso.

Likitar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta kai 'yarsa tsayi ba. Ta zaunar da su ta yi musu bayani a hankali. Zuciyar ta dawo, tana bugawa da kanta. Akwai ƙuna a tafin hannun dama da diddigen hagu, inda wutar ta shiga da inda ta fita, waɗannan za su warke. Abin da ba ta sani ba shi ne minti nawa ƙwaƙwalwa ta yi ba iska.

"Za ta farka?" in ji matarsa, uwar yaran.

"Muna jira, Mama. Ba zan gaya miki abin da ban sani ba."

Aka bar su su shiga ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya tsaya a bakin gadon. An sa mata bututu a baki, inji yana hura mata numfashi. An naɗe hannun dama da bandeji. Idonsa, ba da son ransa ba, ya bi wayar injin har zuwa soket ɗin bango, ya ga an danna filogin da kyau. Ya ji kunyar kansa. Ya taɓa yatsun ƙafarta ta cikin zane, suna da ɗumi.

Kwana biyu bai bar barandar ba. Uwar yaran tana kuka ta daina ta sake. 'Yan'uwanta maza suna kai da kawo da kwanuka waɗanda ba wanda ke buɗewa. Direba ba ya magana da kowa, ba ya haɗa ido da surukinsa. A rana ta uku Injiniya ya karɓi makullin gidan ya ce zai ɗauko mata kaya.

Banɗakin yana nan yadda aka bar shi. Ƙofar tana rataye da ƙarfe ɗaya. Sabulu a ƙasa ya bushe ya tsage. Ya zare fis ɗin hita, ya hau kujera ya kwance murfinta, ya ciro ƙarfen da ke dafa ruwan. Ga tsagar nan a gindinsa, ba ta kai tsawon farce ba, ta yi kore. Ta nan wuta ke fita ta shiga ruwa da jikin hita duk lokacin da ta kama. Wannan bai ba shi mamaki ba, hita takan tsufa. Abin da ya hana shi zama shi ne me ya sa fis bai ƙone ba.

Ya fita wurin maɗaurin. Wannan karon bai tsaya a kansa ba, ya bi bututun da ido zuwa inda ya nutse. Taku biyu daga bango, ƙasar wurin ta bambanta da sauran, ta fi laushi, ciyawa ba ta fito ba. Ranar Litinin a kanta ya tsuguna. Ya ari shebur a wurin masu gini na maƙwabta ya fara haƙa. Bai yi nisa ba ƙarfen ya ƙare. Daga nan farin bututun roba ne, sabo fil, an haɗa shi da kyau, ya miƙe har cikin ƙasa.

Yana tsaye a kan ramin wani mutum ya sauko daga bene da sifana a hannu, gajere mai furfura a gemu.

"Sannu da aiki, maigida. Ba dai yoyo ya sake yi ba?"

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne. Wata ɗaya ke nan. Mai gidan ne ya kira ni, tsohon bututun ya ruɓe, ruwa yana ta malala a ƙarƙashin gini. Na cire shi tun daga nan har bakin titi." Ya leƙa ramin da alfaharin mai sana'a. "Wannan ba ya tsatsa. Sai jikokinmu sun gaji da shi."

"Ka ga wayar nan da ke ɗaure a sama?"

"Na gani. Ban taɓa ta ba, wallahi. Ni abin da ba nawa ba ba na sa masa hannu. Da gangan na yanka daga ƙasa da ita, don kada in ɓata wa mai wuta aikinsa." Ya dubi fuskar Injiniya, murmushin ya ɓace. "Kai ne mahaifin yarinyar nan? Allah ya ba ta lafiya. Akwai abin da na yi ne?"

Injiniya ya buɗe baki. Mutumin ya gyara yoyo, ya yi aiki mai tsafta, ya kauce wa wayar wani don girmamawa. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa rayuwar mutanen ɗakin tana rataye a jikin ruɓaɓɓen bututunsa. Wata guda ke nan wayar ƙasa tana ɗaure da guntun ƙarfen da bai wuce taku biyu ba, wanda ba ya zuwa ko'ina. Wutar da ta ɓalle ta cika hita, ta cika bututun cikin gida, ta tsaya tana jiran hanya. Yarinyar ta zo da jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan siminti ta kama famfo.

"Ba ka yi komai ba," ya ce. "Amma duk gidan da ka sa roba a madadin ƙarfe, in ka ga irin wayar nan, ka nemi mai wuta kafin ka tafi. Akwai wasu?"

Mai gyaran famfon ya yi lissafi da leɓe. "Gida uku a layin nan."

"Kai ni can."

Sai da suka zagaya gidajen nan uku. A biyu ya tarar da abu ɗaya. Ya yi wa matan gidan bayani, ɗaya ta fara cewa yaranta ba sa wanka da ruwan sanyi. Bai saurare ta ba. Ya zare fis ɗin hitocin ya tafi da su, ya ce zai dawo.

Da azahar ya koma asibiti ba tare da kayan da ya ce zai ɗauko ba. Ya tarar da Direba a ƙarshen baranda, wurin da ake ajiye kekunan marasa lafiya, shi kaɗai. Ya zauna kusa da shi.

"Baba," in ji Direba, idonsa a ƙasa. "Akwai maganar da nake so in gaya maka. In ka ji, duk abin da ka ga dama ka yi min."

"Ina jin ka."

"Ni na kunna."

Injiniya ya juyo ya dube shi.

"Ranar Alhamis na dawo a gajiye, ko hira ba mu yi ba na kwanta. Da safe ta shiga wanka. Na zo wucewa na ga makunnin a kashe. Na ce yarinyar nan da gaggawarta ta manta, ruwa zai huce mata, ga ƙirjinta. Na danna." Ya ɗaga babban yatsansa yana kallo kamar na wani. "Har na ce mata ta ƙofa, 'Madam, sai an riƙa yi miki komai.' Ruwa yana zuba, ba ta ji ni ba. Ban kai ɗaki ba na ji sautin."

Ashe ta kashe. Ta ji maganarsa, ta kashe, ta ga fitilar ta mutu, sannan ta shiga.

"Ta gaya maka abin da na ce?" in ji Injiniya.

"Ba ta samu dama ba. Da na sani, Baba, da hannuna ya karye kafin..."

"Ɗana, saurara." Bai taɓa kiransa haka ba. "Ka ga makunni a kashe, ka kunna wa matarka ruwan zafi. Abin da ka yi ke nan. Makunni don a kunna aka yi shi. Ranar Litinin na zo gidanku. Na san hitar ba ta da lafiya. Na kama fis ɗinta, na zaro shi rabi, na mayar."

Direba ya ɗago kai a karon farko.

"A masaƙa ko shugaba ne ya roƙe ni ba na barin fis a jikin injin da nake zargi. Shekara ashirin da shida ban taɓa ba. Mutanen da ban san sunan 'ya'yansu ba, ban taɓa barin ransu a hannun 'kada a kunna' ba. Ita ta riƙe min hannun riga ta ce sanyi." Ya shafa fuska. "Da yana aljihuna, ka danna makunnin nan sau ɗari, ba abin da zai faru. Wannan kayana ne. Ka sauke shi."

"Baba, ai ba a raba irin wannan."

"Ban ce mu raba ba."

Direba ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Injiniya ya ɗora masa hannu a baya ya bar shi a nan. Wata mai shara ta zo da bokiti, ta gan su, ta juya ta fara daga ɗaya gefen.

Gaya wa uwar yaran ya fi wuya. Ya same ta a bencin bakin ɗakin, ya faɗa mata duka a tsaye, bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama. Ya yi zaton za ta yi kuka ko ta yi faɗa, ya fi son faɗan.

"Shekara talatin kana hana mu sakat a gidan nan," ta ce a hankali. "Ko fitila na taɓa sai ka tambayi ko hannuna a bushe yake." Ta ɗago ta dube shi. "Da ni ce ta riƙe wa riga, ni ma da na bar mata. Amma kada ka tambaye ni komai yau. Zauna. Ka ci wani abu?"

Ya zauna. Ba ta matso ba, ba ta kuma matsa ba.

A rana ta takwas aka cire bututun, ta ci gaba da numfashi da kanta. A ta goma sha ɗaya, da hantsi, yana zaune a gefen gadon yana yanke mata farcen hannun hagu, ya ɗaga kai ya ga idonta a buɗe. Ba shi take kallo ba, labulen taga take kallo, inda iska ke motsa shi.

"Uwata," ya ce.

Idon ya daɗe a kan labulen. Sannan ya taho a hankali, ya wuce ta kan fuskarsa, ya tsaya kaɗan, ya zarce zuwa bango.

Ya kira ma'aikaciyar jinya, ta kira likita. Likitar ta haska mata 'yar fitila a ido, ta ce ta matse mata yatsa. Yatsun hagu suka motsa. Ta sake cewa ta matse, ba su motsa ba. Ta rubuta wani abu a takardar da ke rataye a ƙarshen gado.

"Ta tsaya a kaina," in ji Injiniya. "Likita, kin gani? Idonta ya tsaya a kaina."

"Na gani, Baba."

"Ta gane ni ke nan?"

Likitar ta cire tabarau ta goge da gefen riga. Ta ce wannan ci gaba ne, kuma ta ji daɗinsa. Ta ce wasu daga nan suke tashi har su koma bakin aikinsu, wasu kuma a nan suke tsayawa. Za a sake ɗaukar hoton kai ranar Laraba, amma hoton ma ba ya faɗin komai da komai.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Tana buɗe ido da safe, tana haɗiye ruwa in an ɗiga mata a cokali. Ƙunar hannun ta fara warkewa. Ba ta yi magana ba tukuna. Ko ta san waɗanda ke zaune a gefen gadonta, ko za ta sake kiran wani da sunansa, ba likita ba, ba mijinta ba, ba mahaifinta ba, har yanzu ba wanda ya sani.